Wata Huɗu da Kwana Goma

Tun da na dawo daga Yamai ban samu sakat ba. A majalisarmu ta gindin darbejiya, a ɗakin malamai, har a bakin masallaci, sai an tare ni: "Malam Sani, yaya Nijar? Ina kilishinmu?" Wani ma cewa ya yi wai na yi ƙiba, alhali sai da na ƙara wa bel ɗina huda don ramewa. Nakan ce lafiya lau, in kawo wata hirar. To na gaji da kauce-kauce. Na rubuta labarin sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa, don ba kullum bakina ke iya faɗarsa ba.

Yayana Auwalu, Allah ya jiƙansa, malamin gona ne. Shekara shida ya yi yana karatun digiri na uku a wata cibiyar binciken yanayi da ke Yamai, yana zuwa yana dawowa. Aikinsa a kan abin da ke cin ran kowane manomi a ƙasar Makoda ne: ruwan farkon nan da ke sa mutum ya yi shuka, sannan ya ɗauke sati uku, gero ya ƙone a rami. Tushen aikin kuwa littattafan Babanmu ne. Sama da shekara talatin Baba yana rubutawa da ajami: ranar da ruwa ya sauka, ko ya kai shuka ko bai kai ba, da abin da gona ta bayar. Yaya ya ɗauki hoton kowane shafi, ya haɗa da na wasu dattawa daga wajen Bagwai. Daga baya gara ta shiga adakar da suke ciki ta cinye littattafan, hotunan nan kaɗai suka rage.

Lissafin ya fi ƙarfin kwamfutarsa, don haka yakan tura shi ga wasu manyan injuna da aka haɗa da juna a ƙasashe daban-daban, suna ce musu giridi. Yana zaune a kan tabarma a ƙofar gida sai ya buga umarni a wani baƙin allo mai farin rubutu, aikin ya tafi wata ƙasa ya dawo. Hotunan da sakamakon duk can suke ajiye. Wata Lahadi da safe ya yi aikinsa, ya rufe kwamfutar, ya hau babur zai sayo irin gyaɗa a kasuwar Ɗambatta. Gawarsa aka kawo mana kafin azahar.

Ranar sadakar arba'in matarsa, Yaya Rabi, ta sa aka kira ni. Daga bayan labule ta ce, "Malam Sani, ga na'urar nan ta yayanka. Ko za ka ɗauka ka duba? Na ga shi kullum sai ya buɗe ta."

Na ce, "Haba Yaya, a bari ki fita takaba tukuna, a raba gado. Ina ake sauri?"

Ba na so a ce ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba na fara ɗibar kayansa. Na fito daga gidan ina jin kaina mutum mai kunya, wanda ya san ya kamata.

Bayan ta fita takaba aka raba gado, sai farfesan da ke duba aikin Yaya ya kira ni a waya. Ya ce idan aka samo hotunan da sakamakon lissafin, za a ƙarasa aikin, a buga shi da sunan marigayin, a miƙa wa iyalinsa digirin. Da na gaya wa Yaya Rabi sai ta ce, "Yaran nan za su samu abin riƙewa." Ta ba ni kwamfutar da wani ɗan littafi da yake rubuta umarnin a ciki.

Ni malamin lissafi ne, na iya buga jarrabawa da jera sakamakon ɗalibai, na ɗauka na san kwamfuta. Da baƙin allon nan ya buɗe yana ƙifta mini ido, abin da ya fara zuwar mini shi ne in yi sallama, kuma na yi. Ya ce bai san wannan umarni ba. Na kwafi layin farko na littafin, ya zubo mini rubutu layi kusan ashirin, na ga kalmar kuskure a ciki na rufe. Sati biyu ina wannan. Da na ga ba ci gaba, na rubuta wa masu ba da taimako na cibiyar wasiƙa shafi guda: gaisuwa, tambayar iyali da aiki, tarihin Yaya, da roƙon a dubi Allah a dubi marayu. Amsar da ta zo layi biyu ce: wane umarni ka buga, me ya ce maka, kwafo su yadda suke. Raina ya ɓaci ƙwarai. A ƙarshe dai aka gane takardar shaidar da injunan ke gane Yaya da ita ta mutu, kuma ba a ba wani sabuwa sai an gan shi ido da ido. Aka ce in zo da katina na ɗan ƙasa, da takardar rasuwa, da wasiƙar iyali.

Na fita bayan sallar asuba, an gama yankan gero. Babur ya kai ni Ɗambatta, bas ta ɗauke ni ta Kazaure zuwa Daura, daga nan na shiga ta Kwangwalam, bakin iyaka. Direban ya so ya jefa jakata a but tare da buhunan masara, muka yi ta sa-in-sa har ya ƙyale ni na rungume ta a cinya. Wata tsohuwa 'yar Matamaye da ke gefena ta kasa haƙuri.

"Ɗana, me ke cikin jakar ga da ka rungume tun Daura?"

"Aikin yayana ne, Inna."

"Shi yana ina?"

Da na gaya mata, ta yi mini ta'aziyya mai tsawo kamar ta san shi, ta ɓara goro ta ba ni ɓari. Ni da ba na cin goro na tauna shi har iyaka.

A gefenmu ba a ɓata mini lokaci ba. A gefensu wani jandarma dogo ya karɓi katina ya ce, "Mushe Sani, mi za ka yi Yamai?" Mu a nan mushe dabbar da ta mutu ba yanka ce, su kuwa girmamawa ce, haka suke kiran malamin makaranta da duk wani mai mutunci. Na sani tun da daɗewa, amma mutumin da ke ɗauke da takardar rasuwa a aljihu ba ya son jin kalmar a gaban sunansa.

Na ce kayan yayana zan karɓo.

"Kaya iri mi? Buhu nawa?"

Na ce ba a buhu suke ba, a cikin inji suke, injin ma ba a Yamai yake ba, wataƙila ma ba inji ɗaya ba ne. Ya dube ni kamar wanda rana ta taɓa. Sai na miƙa masa takardar rasuwar. Ya karanta, ya gyara tsayuwa, ya ce, "Allah shi jiƙan shi," ya buga hatimi. Muna wucewa layin wayata ya ɗauke, na ji lallai na bar gida.

Na kwana Maraɗi a wani ɗakin baƙi kusa da tasha, mai fanka ɗaya da ke juyawa kamar an roƙe ta. Washegari na shiga babbar mota, ta Konni, ta Dogon Dutse, ta Dosso. Abu ɗaya ya burge ni: lokacin salla na yi direba zai tsaya, ba sai fasinja sun yi masa ihu ba. A wani zango na sayi burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa ya kusa yanka mini dasashi. Na tsoma shi a shayi, mutanen teburin suna kallona suna murmushi. Su kuma sun ce namu burodin kek ne na yara.

A Yamai na sauka wurin Alhaji Idi, mutumin Bagwai, tela ne da ya shekara ashirin a can. Gidansa Yaya yake sauka. Ya rungume ni yana kuka a bakin shago, sannan ya kai ni ɗakin. Hular Yaya tana rataye a ƙusa, silifansa na bayan ƙofa, ɗaya ya hau kan ɗaya.

Alhaji ya ce, "Ban taɓa komai ba, Malam. Ya ce mini bayan salla zai dawo."

Abincinsu dambu da zogale, sanyi ƙalau, da mai da albasa, tun da safe. Shayi kuwa kofi uku ne a jere, in ka sha na farko ka miƙe ka yi rashin ladabi, haka Alhaji ya ja mini kunne bayan na riga na miƙe. Rabin garin Zabarmanci suke ji, na koyi cewa fofo, wato sannu, na riƙa raba ta ga kowa har da masu jin Hausa. Ranar farko na isa cibiyar da ƙarfe ɗaya na tarar an rufe. Can ofis yakan tashi da tsakar rana, kowa ya tafi gida ya ci ya huta, sai wajen uku a dawo. Na zauna tare da maigadi muna korar ƙuda.

Wadda aka haɗa ni da ita Madam Hadiza ce, 'yar Dogon Dutse, mai tabarau, ita ke kula da masu amfani da injunan. Ashe ita ta rubuto mini layi biyun nan. Tun daga Makoda nake tanadin abin da zan gaya mata, amma ta riga ni.

"Kai ne mai doguwar gaisuwa? Na karanta duka, na kuma amsa a zuciya. Mushe Auwalu mutumen kirki ne. Amma gaisuwa ba ta gwada mini inda ciwon yake."

Ta duba takarduna, ta dubi fuskata ta dubi katin, ta yi mini sabuwar shaida da izinin shiga ɗakin ajiyar Yaya. Ta ce in zaɓi kalmar sirri a ordinatar ɗinta, haka suke kiran kwamfuta. Na zaɓa ba tare da duban madannan ba. Da na koma kan ta Yaya na buga sau uku, aka kulle ni rabin awa. Ashe madannan Faransanci ba jerinsu ɗaya da namu ba, inda muke da A su Q gare su. Ta yi dariya har da cire tabarau, ni ma na taya ta. Ita kaɗai ce dariyar da na yi a tafiyar nan.

Washegari muka zauna aikin sosai. Ba ta yarda ta karɓi kwamfutar daga hannuna ba.

"Kai za ka buga. Kuma kada ka yi zato, tambayar ta za ka yi."

Ta nuna mini kowane umarni in ka sa masa ɗan layi biyu da kalmar help a bayansa, zai faɗa maka da kansa abin da yake yi da yadda ake kiransa. In kana son dogon bayani, ka sa man a gabansa. Ta ce in aiki ya ƙi, wuri huɗu ake dubawa ɗaya bayan ɗaya: na'urarka, hanya, ƙofa, sannan ɗakin ajiya. Na buga umarnin shiga, ya ƙi, ya zubo rubutu. Hannuna ya tafi zai rufe kamar yadda na saba, ta dakatar da ni.

"Karanta har ƙasa. Maganar gaskiya tana ga layin ƙarshe."

Layin ƙarshe ya ce wai lokacin shaidata bai yi ba. Shaidar da aka yi jiya. Ta sa na ƙara wani harafi da ke sa umarni ya riƙa faɗar duk matakin da ya taka, sai ga shi ƙarara: agogon kwamfutar Yaya ya koma baya shekaru saboda daɗewar da ta yi ba caji. Muka gyara agogo. Hanya ta yi kyau, ƙofa ta buɗe. Na ga sunan Yaya ya fito a gefen allo, idona ya cika.

Ta ce, "To, buga ls, shi ke jero abin da ke cikin ɗaki."

Na buga. Allon ya sauko layi ɗaya, ya ci gaba da ƙifta ido. Na jira. Na sake bugawa.

Na ce, "Madam, ta maƙale ne?"

Ta jawo kujerarta kusa, ta buga wasu abubuwa da sauri, ta tsaya.

"Ba ta maƙale ba, Malam. Ta amsa. Nan in ba ta ce komi ba, ta yi abin da anka sa ta. Ɗakin na nan, ba komi ciki."

Ta yi mini bayani a hankali. Ajiya iri biyu gare su. Akwai ta dindindin, kamar rumbu, sai an gama aiki ake kai kaya can. Akwai kuma wurin aiki, kamar masussuka, kowa na buƙatar fili a cikinsa. Duk abin da ya yi wata huɗu ba a taɓa shi ba, inji ke share shi da kansa, ba hannun kowa. Yaya bai gama ba, don haka komai nasa a masussuka yake. Ta buɗe littafin da injin ke rubuta abin da ya yi, ta nuna mini ranar.

Na ciro waya na buɗe kalanda ina ƙirgawa. Wata huɗu cif daga safiyar Lahadin nan. Saura kwana goma Yaya Rabi ta fita takaba. Kafin a share, sau uku injin ya aika da gargaɗi akwatin saƙon Yaya, wanda ke cikin kwamfutar da na ce a bari.

Na ce, "Da a ce wani ya buɗe ta ranar arba'in fa?"

Ta sunkuyar da kai. Na ce ta gaya mini don Allah.

"Shaidarshi na da rai lokacin. Layi guda ya isa ya hana a share."

Ta karɓi ɗan littafin Yaya ta buɗe shafi na biyu. Ga layin nan, ya ja masa layi da jan biro, ya rubuta a gefe da Hausa: duk wata. Na sha ganinsa, ban san me yake nufi ba. Na tashi na fita bayan ginin, na tsuguna jikin bango na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar jana'iza.

Matar nan ba ta bar ni haka ba. Kwana biyu tana rubuta wa masu kula da injunan wasu ƙasashe uku, ko wani kwafi ya maƙale a wurinsu. Ta sa ni na rubuta ɗaya da hannuna: ga umarnin, ga amsar, ga ranar. Layi huɗu, ba gaisuwa. Biyu suka ce babu. Na ukun ya samo hoto guda ɗaya da Yaya ya taɓa turawa don gwaji tun farkon karatunsa. Shafi ne na rubutun Baba, layi goma sha ɗaya, har da tabon mai a gefe. Na farko yana cewa ruwa ya sauka ran Talata, bai kai shuka ba. Ta buga mini shi a takarda mai kauri. Farfesa ya karɓe ni a ofishinsa da mutunci, ya ce ba yadda za a tabbatar da lissafin da ba a ga tushensa ba, amma zai ajiye babobin da aka rubuta a ɗakin karatu.

Alhaji Idi ya naɗe hular da silifan a leda ya sa mini a jaka. Ya so ya kai ni wurin masu kilishi, na ce ya bari. Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta, ban ma san lokacin da muka wuce Konni ba. Daga Daura zuwa Ɗambatta abu ɗaya nake saƙawa: zan ce wa Yaya Rabi tun kafin rasuwar aka share, ba laifin kowa. Har na haddace yadda zan jera maganar.

Na iso bayan la'asar, ban biya gidana ba. Na tarar da ita a tsakar gida tana tankaɗe. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta tambayi hanya da mutanen can. Na gaya mata ba a samu ba. Na miƙa mata takardar Baba, na ce ita kaɗai ta rage.

Ta goge hannu a zane ta karɓa. Ta ce, "Yaushe abin ya faru?"

Maganar da na haddace ta ƙi fitowa. Na faɗa mata ranar, da wata huɗun, da saƙonni ukun. Ba ta buƙaci kalanda ba, babu wanda ya kai ta sanin kwanakin nan.

"Saura kwana goma," in ji ta.

Na ce, "Yaya, ke kin ce in ɗauka. Ni ne na..."

"Kar ka ce haka, Malam Sani. Rabo ne babu." Ta daɗe tana kallon rubutun Baba. "Ka san kullum da safe sai na ciro ta daga jaka, na goge ta da bakin mayafina, na mayar? Ko rana ɗaya ban fasa ba. Amma ban taɓa ɗaga murfin ba, na ce kayan marayu ne, ba ni da iko. Da na ɗaga, da ko saƙon nan na gani na aika a kira ka."

Ta tashi da takardar a hannu ta shiga ɗaki, ta bar garin a rariya. Na miƙe tsaye a tsakar gidan da ledar hular marigayin, ba wanda ya ce in zauna, ba wanda ya ce in tafi.